Zaren da Zahari Ya Kwance

Duk wanda ya taɓa shiga motar zuwa birnin Sofiya ko na Varna daga tashar garin Ruse ya san Rumyana, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai sayar da tikiti a taga ta biyu, gajeriya, da tabarau rataye a wuya, wadda in ka tsaya kana laluben aljihu za ta sanar da kai cewa motar ba ta kawunka ba ce. Mutane suna cewa bakinta ya fi wuƙa kaifi. Mu da muka san ta tun tana budurwa mun san ba haka aka haife ta ba, wahala ce ta wasa bakin.

Abin da fasinjoji ba su sani ba shi ne, matar nan ta taɓa tare ƙofar birni ita kaɗai da garkuwa, rundunar matattu na dukanta, ba ta ja da baya ba. A kan tebur aka yi wannan yaƙin, a ɗakin bayan shagon Metodi, inda 'yan ƙungiyar wasan labari suke taruwa kowace Asabar. Mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa da jaruminsa, ɗan mutum-mutumin dalma da bai wuce tsawon yatsa ba. Ka faɗi abin da jaruminka zai yi, ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin, sa'a ta yanke hukunci. Ƙungiya ce mai dokoki, da rassa a garuruwa, kuma jarumi ba dare ɗaya yake girma ba. Daga mataki na ɗaya ake farawa, ana korar ɓeraye daga rumbun wani manomi, sai an ci shekaru ana zuwa kafin a taka na ashirin, wanda babu gaba da shi.

Jarumar Rumyana ita ce Dragana mai garkuwa. A wannan teburin ta haɗu da Zahari, malamin tarihi a sakandare, dogo siriri, mutumin da in ya buɗe baki sai kofin kowa ya huce. Nasa jarumin wani masihirci ne mai suna Orlin, da ilmi kamar teku amma jiki babu ƙwari, ko mari ɗaya bai iya ɗauka. A cikin wasan akwai wani sihiri da ke ɗaure jarumi biyu, duk raunin da ya sami ɗaya, ɗayan ya ɗauke masa rabi. A wasu tebura a takarda kawai ake rubuta shi. Zahari kuwa da son burga, sai ya kwance zaren Maris ja da fari da ke hannunsa, wanda a al'adarmu muke ɗaurawa tun farkon watan Maris har mu ga shamuwa ta dawo, ya ɗaura shi daga ƙugun Orlin zuwa damtsen Dragana.

"Ke nan ni zan riƙa shan duka kai kana surutu?" in ji ta.

"Kowa da baiwarsa, 'yan mata."

Da wannan ya nemi aurenta, in har za a kira shi neman aure. Ba a sake kwance zaren ba, ko a cikin gwangwanin biskit ɗin da suke ajiye jaruman, a ɗaure suke kwana.

Allah bai ba su haihuwa ba, Asabar ta zama 'yarsu. Sun kai mataki na ashirin ba da jimawa ba, wata safiya Zahari ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo da alli a hannu. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta tafi da hannun dama da ƙafar dama, ta kuma tafi da harshen, wanda shi ne dukiyar mutumin. Daga duk kalmomin da ya tara a duniya guda ɗaya ta rage masa: "To."

Rumyana ta ɗora gwangwanin biskit a kan kwaba, ta naɗe hannun riga. Kusan shekara goma ita ce wanka, ita ce aski, ita ce ɗaga shi daga gado zuwa keke, a hawa na huɗu na benen da lif ɗinsa ya fi zama a mace. Ita ce kuma bakinsa. In likita ya tambaye shi, ita ke amsawa. In maƙwabci ya gaishe shi, kafin ya motsa leɓe ta ce yana amsawa. Da farko likitoci sun ce hankalinsa yana nan, magana ce kawai ba ta fita, ta kuma riƙe wannan da hannu biyu. Amma shekaru suna cin tabbaci kamar yadda asu ke cin bargo. Za ka sha shayi? To. A kashe talabijin? To. Wata rana cikin wasa ta ce ko ta je ta jefa shi a kogin Danube, ya ce to, ta yi dariya, daga nan ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada a ji kukanta.

A lokacin sanyin nan ne ta zame da shi a wurin wanka, bayanta ya bugu, suka kwanta a ƙasa su biyu har sai da maƙwabta suka ji bugun bango. Da labari ya kai wa Stefka, yayar Zahari, sai ta taso daga garinsu da tiren banitsa, gashin fulawar nan mai cuku a ciki, da magana a bakinta. A kicin suka zauna, shi kuma yana bakin taga a kekensa yana kallon tattabaru.

"Rumi, kin kalli madubi kuwa? Kin tsufa kin wuce ni, ni da na yi goyon mijinki."

"Madubin ya fashe, Yaya."

"Bar wasa. In kika faɗi kika mutu, wa zai ɗaga shi? An sami gado a gidan jinyar da ke bayan gidana. Mutanen kirki ne, ni kuma kullum zan leƙa."

"Rage murya, yana nan."

"Yana nan a ina? Ƙanena ne, ciki ɗaya muka fito, amma Zahari ya daɗe da tafiya. Ke ce kika ƙi yarda."

Da wata rana ce da Rumyana ta wanke ta tas. Ranar sai ta ajiye wuƙar da ke hannunta, ta dafa tebur.

"Na gaji, Yaya. Na gaji har cikin ƙashi. Wani lokaci ina goge masa baki sai in ji haushinsa ya kama ni, in riƙa tambayar kaina ko akwai mutum a ciki. Da na san yana ciki, wallahi da na goya shi har kabari. Rashin sanin ne ke kashe ni."

Daga bakin taga aka ce, "To." Babu wadda ta waiwaya a cikinsu. Stefka ta koma gida ba ta sami amsa ba, ta ce za a riƙe gadon zuwa bazara.

Ana cikin haka, wata rana wani mai sanƙo da tumbi ya tsaya a taga ta biyu yana kallonta.

"Malam, ina za ka? Akwai mutane a bayanka."

"Ko gaisuwa babu, Dragana?"

Sai da ta sa tabarau ta gane Metodi. Ya gaya mata ƙungiya za ta rufe tsofaffin dokoki a ƙarshen Maris, duk jaruman da aka raina da su za su yi ritaya. Za a yi taro ɗaya na bankwana, da tebur guda na 'yan mataki na ashirin. Doka ta ce sai da mutum huɗu, shi kuma biyu ya samu a duk yankin.

"Tsohuwar zuma da ita ake magani, Rumi. Ku zo."

"Ba ya magana, Metodi."

"Hannun hagu fa? Katunan sihirinsa ai suna nan. Ya tura wanda yake so."

Ta ce masa ya matsa, yana tare layi. Amma da ta koma gida sai ta taka kujera ta sauko da gwangwanin. Zaren ya koɗe, jan ya koma kalar albasa, ƙullin kuwa yana nan daram. Ta ajiye jaruman a gaban Zahari, ya daɗe yana kallonsu. Ba ta yarda da idonta ba, don ta san yadda so yake sa mutum ya ga abin da babu. Ta dai ƙudura a ranta cewa in akwai wurin da mutumin nan zai leƙo, to teburin nan ne. In bai leƙo a can ba, ta san Stefka ce da gaskiya.

Ranar Asabar maƙwabta biyu suka sauko da shi. Shagon ya canza, an rushe bangon baya, tebura sun cika ko'ina, matasa da wayoyi a hannu suna matsa wa "Kawu" hanya. Wurin jaruman da suka mutu ne kawai bai canza ba, wani katako a saman ƙofa inda ake jera duk wanda ya faɗi a babban mataki, ba a kuma sake sauko da shi. A teburinsu akwai Asen, matashi mai gyaran kwamfuta da ya zo daga Varna, da Kremena, likitar haƙori daga Pleven, mace mai sanyin magana.

Wanda bai taɓa buga babban mataki ba ba zai gane nauyinsa ba. A matakin farko takobi ɗaya gare ka, ka sara ko ka gudu. A na ashirin katuna ne jibge a gabanka kamar mai tallar magani, kowanne da sharaɗinsa, kuskure ɗaya kuma ya isa ya binne tebur duka. Rumyana ta tarar rabin dokokin sun gudu daga kanta. Sau biyu Kremena tana nuna mata inda za ta duba, kunya ta rufe ta, ita da ake tasowa daga wasu garuruwa don a ga wasanta.

Metodi ya ja labari, muryarsa ba ta tsufa ba. Wani maciji ne mai aman wuta a ƙarƙashin dutse, tsakaninsa da jaruman akwai siririyar gada. Duk sanda yi ya zo kan Zahari, kafin ya motsa Rumyana ta zaro kati ta ce, "Wannan yake so." Sabo ne, ba ta ma san tana yi ba. Zaɓinta kuma bai yi kyau ba, don ba ta taɓa zama masihirciya ba. Macijin ya gane inda rauni yake, ya dinga hura wa Orlin wuta, rabi yana bin zare yana sauka a kan Dragana. Ita dai rage lissafin ran jarumarta take yi a takarda ba tare da ta duba ba, idonta yana kan fuskar mijinta, fuskar kuma ba ta ce komai ba.

Asen ya yi ta motsi a kujera, daga ƙarshe ya kasa haƙuri.

"Yaya Metodi, ba rashin kunya ba. Doka ta ce babu mai buga jarumin wani. Gwaggo biyu take bugawa, kuma za ta kashe mu duka."

"Kai yaro," in ji Rumyana, "ranar da na tare ƙofar birni kana cikin tsumma."

"Gaskiyarsa, Rumi," in ji Metodi a hankali. "Sa hannunki a ƙarƙashin tebur."

"Ba zai iya ba."

A gabansa ta faɗa, kamar yadda ta saba. Metodi ya juya ya ce, "Zahari, naka ne."

Kowa ya zuba wa Zahari ido. Sauran tebura suna ta shewa da jefa ɗan lido, nasu kamar gidan makoki. Miyau ya taru a gefen bakin Zahari, hannun Rumyana yana ƙaiƙayin ta goge, ta danne shi da cinya. Asen ya duba agogo. Ita kuwa zuciyarta ta gama karaya, ta fara shirya yadda za ta ba mutane haƙuri ta tura kekensa su tafi.

Sai hannun hagun Zahari ya ɗaga. Bai nufi katuna ba, takardarta ya nufa, ya ɗora yatsa a kan abin da ya rage na ran Dragana, ya buga sau biyu. Kremena ta leƙa ta ce, "Kai. In ya sake hura wuta, rabin ma ya isa ya kashe ta." Babu wanda ya lura da haka a teburin, har mai jarumar.

Ya jawo jaruman biyu gabansa, ya kama ƙullin da ke ƙugun Orlin. Ƙulli ne da ya shekara fiye da ashirin, ga hannu ɗaya. Ya sa farce, ya kuɓuce. Ya sake sawa. Rumyana ta yunƙura, Metodi ya tsayar da ita da ido. Daga ƙarshe Zahari ya kai ɗan dalmar bakinsa ya sa haƙori, gumi na bin goshinsa, har zaren ya saki. Ya mayar da Dragana bayan sauran. Ya tura Orlin shi kaɗai ya haye gadar har gaban macijin, sannan ya tona katunan ya zaro ɗaya daga can ƙasa, wanda ke rusa dutse a kan duk abin da ke wurin.

"Ka tuna har da mai yinsa yake binnewa?" in ji Metodi.

"To."

Ya jefa ɗan lido, ya ba da abin da ake nema. Metodi ya kwatanta yadda dutsen ya rufta, gadar ta karye, wutar ta mutu. Asen ya daɗe yana kallon taswirar yana motsa leɓe, sannan ya ce, "Hanyar ke nan, babu wata. Kuma dole sai an fara kwance zaren, in ba haka ba da ita zai tafi. Kawu, ka yafe mini."

Farin cikin da ya taso wa Rumyana bai da misali. Yana ciki. Mijinta yana ciki, da lissafinsa da wayonsa da taurin kansa, babu abin da ya ragu. Ba ta gama jin daɗin ba sai wani sanyi ya bi bayansa. Mutumin da ya iya bin lissafin ranta tun farkon wasa, ai ya bi maganar kicin. Ya ji ta Danube, ya ji famfon banɗaki, ya ji duk ranar da ta yi maganarsa a kansa kamar kujera. Shekara goma yana zaune yana ji.

"A tashe shi," ta ce. "Akwai doka. A tashe shi."

Akwai kuwa. In jarumi ya mutu, abokan tafiyarsa za su iya sadaukar da mafi tsadar kayansu a kira ransa ya dawo. Ta tura katin garkuwarta, wadda ta yi shekaru kafin ta samu, ta bi da na takobin. Kremena ta ajiye nata. Asen ma ya ajiye, bai yi gardama ba. Amma dokar tana da wutsiya: ba a dawo da rai sai mai shi ya yarda. Metodi ya juya ga Zahari.

"Orlin, mutanenka suna kiranka. Za ka dawo?"

Hankalin Rumyana ya ɗan kwanta, don ta san kalma ɗaya gare shi. Amma bai faɗe ta ba. Bakin ya karkace, jijiyoyin wuya suka tashi, ya yi ta kokawa da wani abu kamar mai ɗaga buhu. Da ƙyar ya fito, a shaƙe, amma kowa ya ji.

"A'a."

Shekara goma tana roƙon Allah ya ba ta sabuwar kalma ɗaya daga bakin nan, ga ta ta samu. Zahari ya miƙa wa Metodi ɗan masihircin, ya nuna saman ƙofa da haɓa. Ya ɗauki Dragana ya sa wa matarsa a tafin hannu, ya naɗe mata yatsu a kai, zaren yana reto daga damtsen jarumar.

Da la'asar ta turo shi ta cikin lambun gari. Shamuwa ta dawo, mutane sun kwance zarurrukansu sun rataye a itatuwa, ko'ina ja da fari. Ta tsayar da keken, ta durƙusa a gabansa duk da ciwon baya.

"Ba wasan kake nufi ba, ko?"

Ya dube ta, kallon da ta daɗe da daina nema a idonsa.

"Maganar kicin, bakina ne kawai, ka san bakina. Ban gaji ba, Zahari. Ko kaɗan ban gaji ba."

"A'a," ya ce. Wannan karon bai sha wuya sosai ba.

Ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kuka a gaban mutane, ita da fasinjoji ke tsoro. Ya ɗora hannun hagun a kan gashinta ya bar shi a nan. Da ta ɗago ta ce, "In kira Yaya Stefka?" ya ce to, kuma a karon farko cikin shekaru ta san amsa aka ba ta.

Kafin bazara ta shiga aka kai shi gidan jinyar. Bayanta ya yi sauƙi, hawan jinin da ke damunta ya sauka, har ta ɗan yi ƙiba, abin da take jin haushinsa. Metodi ya sha zuwa ya ce an buɗe sababbin tebura, ta zo ta fara daga mataki na ɗaya, ta ce ta tsufa da korar ɓeraye. In ka leƙa taga ta biyu za ka ga 'yar dalma da garkuwa tsaye kusa da hatimi, da guntun zare a damtse.

Kowace Lahadi takan yankar wa kanta tikiti ta shiga motar safe da banitsa a jaka. Yanzu in ta tambaye shi abu takan rufe baki ta jira, komai daɗewa. Kafin ta taso kuma ba ta fasa tambayarsa ko ta zo da mota ta mayar da shi gida. Amsar ɗaya ce kullum, sabuwar kalmar nan tasa, kuma ya ƙware da faɗinta.